"Kin Karanta Wannan Kuwa?"

Littafin Hausa bai cika dogara da tallar rediyo ba. Baki ne ke sayar da shi, aro kuma ke yaɗa shi: daga ɗakin amarya zuwa gidan kitso, daga ɗakin kwanan 'yan makaranta zuwa benci gaban mai shayi. Masu wannan aiki ba a biyan su ko sisi, kuma kowa da halinsa.

Mafi haɗari a cikinsu ita ce mai fasa ƙwai. Da ta ga In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a hannun ƙanwarta, sai ta dafa ƙirji: "Wayyo, kin zo inda Sumayya ta faɗa rijiya?" Yarinya ko shafi na ashirin ba ta kai ba. In aka yi mata tsawa ta ce ai ba ta faɗi komai ba, sannan ta ƙara da abin da ya sami Muhammad, don a huce.

Kusa da ita akwai uwar ɗaukar zafi, wadda ta manta tawada ce a kan takarda. Tun 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne, amma har yau wannan baiwar Allah ba ta yafe wa Alhaji Abdu korar Rabi da 'ya'yanta tara ba. Tana ba da labarin gobarar da ta cinye shagonsa da murmushi, kamar a unguwarsu aka yi. Ranar da ta sake karanta littafin, maigidanta ne ke shan harara a bakin tuwon dare, ya rasa laifin da ya yi. In ta ce wa ƙawarta, "Wallahi sai kin karanta," wa'azi take son a kai wa wani mijin.

Sai Baba ɗan fansho. A wajensa an rufe ƙofar rubutu tun zamanin Abubakar Imam. Ya haddace littattafan gasar 1933, Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, yana kuma kawo maganar Waziri Aku na Magana Jari Ce kamar tare suka yi aikin En'e. Duk abin da aka buga a Kano daga baya, in ji shi, kwaikwayon fim ɗin Indiya ne. Kada wanda ya tuna masa cewa Imam ma ya ɗebo wasu labaran Magana Jari Ce daga Dare Dubu Da Ɗaya da tatsuniyoyin Turawa, ya sa musu riga da hula. Ranar ba za a sha shayi lafiya ba.

Shi kuwa mai suka daga nesa bai taɓa buɗe littafin soyayya ko ɗaya ba, amma ya san duk lalata tarbiyya suke yi. Ya tafa a 2007, lokacin da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙona wasu littattafan soyayya a Kano. A duba ƙarƙashin katifar gidansa tukuna.

Samari 'yan littattafan yaƙi na Abdul'aziz Sani Madakin Gini ba ruwansu da kowa. Muhawararsu ɗaya ce: wane sadauki ne zai iya kayar da wane.

Na zamani ya koma waya. Shi sunan marubuciya bai dame shi ba, balle kuɗin da take nema kafin a karanta. "Anti, don Allah a turo min cikakke," shi ke nan gudummawarsa ga adabi. In an turo, ya ce labarin ya yi tsawo.

Amma duk cikinsu babu mai cin rai irin mai aro. Marubutan Kano sun saba raba labari na ɗaya, na biyu, na uku, a tsaya daidai inda numfashi ya ɗauke. Ita kuma na ukun take ɗauka. "Yaya, kwana biyu kacal." Bayan wata shida sai a tarar ta ba 'yar kishiyar yayarta, ita kuma ta tafi da shi Maraɗi biki. In ma ya dawo, babu bango, akwai tabon manja, shafin ƙarshe kuma an ƙulle ƙosai da shi. Wadda duk ta san na ukun wata yana cikin akwatinta, don girman Allah ta mayar kafin Juma'a.