Taron Tsaye Ya Samu Kujera

A watan Fabrairun 2001 wasu masana manhaja su 17 suka haɗu a Snowbird, can jihar Utah ta Amurka, suka rubuta 'yar sanarwar da ta zama tushen tsarin Agile. Nufinsu a rage tarin takardu, a ƙara aiki. Da za su leƙo wasu ofisoshin yau, da sun nemi a mayar musu da kuɗin jirgi.

Ɗauki taron kullum na tsarin Scrum, ɗaya daga cikin hanyoyin aiwatar da Agile. Ƙa'ida ta ce minti 15, kuma an saba yin sa a tsaye don ƙafa ta tuna wa baki lokaci. Yanzu fa? Wannan ya jawo kujera, wancan ya aika a kawo shayi. Kowa ya rantse aikinsa saura ƙiris, alhali tun watan jiya yake saura ƙiris.

Zangon aiki na mako biyu kuwa, ana tsaka da shi oga zai shigo da "wata 'yar ƙaramar buƙata", ta lanƙwame zangon ɗungurungum. Ranar taron waiwaye na ƙarshen zango a cika allo da 'yan takardu masu launi, a tafa, a watse. Zango na gaba a sake rubuto su, har da kuskuren rubutun.

Maganin ba shi da tsada. A kwashe kujerun. Sabuwar buƙata ta bi layi. Daga taron waiwaye a ɗauki matsala ɗaya tak, a ɗora wa mutum guda, a sa masa rana. In kuma oga ne ciwon, manhajar bin diddigin aiki irin Jira ba ta maganinsa. Ku faɗa masa gaskiya, amma ku bari albashi ya shigo tukuna.