Zawarcin tsohuwar mota, daga Gummi zuwa Anka

Ƙanena, na ji ka sayar da shinkafa ka haɗa da kuɗin bijimai biyu, kuma tun ranar ba ka da zance sai na Golf. Madalla. Amma zauna tukuna. Sayen mota ta hannu zawarci ne: kowace da labarin gidan da ta fito, kuma dillali ba zai ba ka shi ba sai ka tono da kanka.

Yi sammako. Ka isa wurin motar kafin dillali ya gama karin kumallo, ka ɗora tafin hannu a kan bonet. In ka ji ɗumi, an riga ka, an tashe ta da turi tun asuba don kada ta ba da kunya gaban baƙo. Sha shayinka, ka dawo gobe. Injin da ya kwana cikin sanyi shi ke faɗin gaskiya.

Zai ce maka, "Alhaji, wata Hajiya ce ke hawanta, daga gida sai asibiti." Ka ce Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, sannan ka duƙa ka dubi robar birki da ta kulochi. In sun suɗe har ƙarfe ya leƙo, to Hajiyar nan lodin Gusau zuwa Gummi take yi, huɗu a baya, biyu a gaba, albasa a but.

Yanzu ga inda nake so ka ba ni kunnenka duka, wato wayarin. Murɗa makulli rabi, kada ka tayar. Fitilun gaban direba su kama gaba ɗaya: ta batir, ta baƙin mai, ta injin. Wadda ta ƙi kamawa, sau da yawa cire ƙwanta aka yi, ko aka liƙe ta da baƙin salatif don ta daina tsegumi. In injin ya tashi, su mutu duka. Ka tafi da mai wayarin naka, wanda kai ka biya masa kuɗin mota, ya zo da mitarsa. Lafiyayyen batir a kashe yana nuna wajen bolt 12.6. Injin na aiki kuwa, a ga tsakanin 13.8 da 14.4. In allura ta liƙe a 12, altaneta ba ta caji. Guzurin batir motar ke ci, guzuri kuwa ƙarewa yake yi.

Sai akwatin fiyus. Fiyus ɗan ƙaramin abu ne da aka yi shi don ya ƙone a madadin mota. Na taɓa tsayawa a wani gareji aka buɗe akwatin wata wagon: ramuka uku an cusa musu takardar azurfa ta kwalin taba, na huɗu an naɗa masa zaren waya. Robar gefen ta narke ta yi baƙi kamar ƙanzon tukunya. Mai motar na ta yabon ta, wai shekara biyu fiyus bai taɓa ƙone masa ba. Bakanike ya girgiza kai ya ce, "Maigida, ai saura motar."

Ba don son ɓata maka rai nake nanata wannan ba. A Kano, in mota ta mutu, yara sun samu na turi. Tsakanin Anka, Ɗaki Takwas da Gummi, ko kan hanyar Bukkuyum, magana ce daban, kuma mutanen Sunke da Bagega sun fi kowa sanin abin da ake nufi da mota ta mutu a daji bayan la'asar, da mata da yara a ciki. Fenti bai taɓa fitar da kowa daga daji ba.

Ɗaga shimfiɗar ƙasa ka shinshina. Warin rima, laka a lungu, tsatsa a notin kujera, duk shaidar ta sha ruwa ce, irin na ambaliyar da ta auka wa Gummi a daminar 2024. Wayar da ruwa ya shiga tana ci ne a hankali: yau hon, gobe gilashi, jibi kik.

Takardu kuma, kada ka karɓe su a ninke ka sa aljihu. Lambar shasi, haruffa da alƙaluma 17, ka karanta ta a jikin mota ka gwada da ta takardar kwastam, ɗaya bayan ɗaya kamar mai ƙirga sadaki. Tun Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, saboda haka in an ce maka 'yar Kwatano ce, ka ninka binciken. Inshorar ƙaramar mota ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023. Wanda ya ce zai yi maka ta dubu uku, takarda ya sayar maka. Shaidar lafiyar mota ta VIO ka neme ta, ka kuma kai motar a duba ta da gaske, birki, fitila, hon, waifa, hayaƙi, domin takarda ba ta taka birki. A gefen taya akwai alƙaluma huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. 'Yan Rod Sefti shekara huɗu suke ƙirga wa taya, komai kyan zanenta.

Kuɗi fa? Tun da naira ta faɗi a 2023, mutum kan hau mota shekara uku ya sayar da ita sama da yadda ya saya, don haka kada ka zo da farashin da ka ji a bakin kawu. Motar da ake samun kayanta a Gusau ta fi wadda sai an aika Legas daraja a wurinka. Leƙa ƙarƙashi ka ga ko indomin salansa na nan, don ana yanke shi a sayar daban. Duk aibin da mai wayarin ya gano, ka sa masa kuɗi ka cire daga tayinka a gaban dillali. Zai dafe ƙirji ya ce albarka, ya rantse akwai wani Alhaji daga Zuru da ke hanya da kuɗi a hannu. Ka yi masa sallama cikin mutunci, ka doshi titi a hankali, kada ka waiwaya. Kafin ka kai wurin mai shayi za ka ji, "Alhaji, zo mana mu yi magana."