Gyaɗa Ba Ta da Layi

Tun da Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi a ƙarni na 15, Bahaushe ya iya kasa kaya layi-layi. Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Kankiya ko ta Caranci ya ga tsarin: 'yan hatsi nan, mahauta can, dabbobi a kara, kowa da rumfarsa.

A ido, gwanin sha'awa. Rigimar daga gyaɗa take farawa. Ɗanya tana wajen masu awo da tiya. An matse ta, ta koma wajen masu mai. Tunkuza ta zama ƙuli-ƙuli, ta hau farantin 'yan talla. An daka ƙulin da yaji, sai ga ta a tukubar mai tsire. To, ranka ya daɗe Sarkin Kasuwa, wane layi ne nata? Da ana naɗa kaya sarauta a duk inda suka sauka, da gyaɗa ta fi ɗan siyasa yawan rawani.

Gwanayen kashe wannan gardama su ne 'yan koli. Duk abin da aka rasa inda za a sa shi, nasu ne: allura, madubi, kwalli, batir, maganin ɓera, yanzu har da cajar waya. Ka tambayi ɗan koli me yake sayarwa, sai ya ce, "Alhaji, me kake nema?" In babu, ya bar maka jiran rumfa, ya ruga layin baya ya karɓo, ya ɗora maka ɗari biyu.