Yadda mutumin Daura zai yi nutso a Bahar Maliya ya dawo lafiya

Duk mutumin Dauran da ya ƙudiri niyyar tafiya hutun nutso a teku, ya fara ajiye taƙamar da yake yi da gulbin Bunsuru da na Gagare. Gulbin da ke cika da damina, rani na yi ya koma rairayi har jakuna su ratsa, ba shi zai ba mutum takardar shaidar iyo ba. Bahar Maliya ba ta ƙafewa, gishirinta kuma ya kai kusan kashi 4 cikin 100. Wanda ya kurɓa sau ɗaya ba sai an sake gaya masa ya rufe baki ba.

Wurin zuwa ba wuya. Jidda ce mafi sauƙi, tunda alhazai sun riga sun share hanya. Mai kuɗi ya wuce Ras Muhammad ta Masar, kusa da Sharm el-Sheikh, wadda aka killace tun 1983. Akwai kuma gaɓar Sudan, inda a 1963 Bafaranshen nan Jacques Cousteau ya kafa gida a ƙarƙashin ruwa a Sha'ab Rumi, mutanensa suka yi wata guda a ciki. Sai dai yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya sa a jinkirta wannan.

Babbar riga da hular ƙube su tsaya a masauki. Za a ba shi tabarau na ruwa, da bututun numfashi, da takalman roba faffaɗa. In malamin nutso ya ce ya tofa yawu a gilashin ya goge, kada ya ɗauka raini ne, maganin hazo ke nan.

Jarrabawar gaske tana ƙasa. Bahaushe ya san nutso, amma na Argungu, inda tun 1934 ake faɗawa gulbin Matan Fada da homa da gora, a lalubo giwan ruwa cikin laka, a fito da ita a ci kyauta. A Bahar Maliya kuwa ruwan garai yake, ga kifi ja da shuɗi da rawaya, wani ya isa tukunyar gidan biki, ya zo har gaban hanci ya tsaya yana kallon baƙo. Doka ta ce a kalla kawai. Wato mutum ya biya kuɗin jirgi da na masauki, ya ga miya tana yawo, ya naɗe hannu. Naɗewar ma alheri ce gare shi, don akwai kifin da ke kwance kamar dutse, ƙayarsa dafi ce mai kai mutum asibiti.

In zai sauka da tukunyar iska, ya riƙe abu uku. Kowace mita 10 nauyin ruwa na ƙaruwa daidai da na iskar da ke bisa kanmu, don haka ya toshe hanci ya hura a hankali kunne ya buɗe. Kada ya riƙe numfashi, kada ya taso da gaggawa ko da ya hango kifin shak. Ɗaga babban yatsa kuma ba ya nufin "madalla", nufinsa a fita. Mai yawan yabo sai a tsamo shi tun bai ga komai ba.

Bayan nutso ya kwana ɗaya cur kafin ya hau jirgin sama, jini ya sauke iskar da ya tara.

Saura tsaraba. Uwargida za ta tambayi murjani, ya ba ta haƙuri: murjanin teku halitta ce mai rai, a Masar kuma ɓallo shi laifi ne mai tara. Ya sayo dabino da turare, hoton kunkurun teku ya nuna wa majalisa a waya.