Yadda Za Ka Ƙera Injin Motarka a Sabha Ba Tare da Uwargida Ta Yi Yaji Ba

Fara da neman hujja, domin za a tambaye ka. Duk wanda ya ga magidanci tsugune a tsakar gida, tulin ƙarafa a gabansa, yana cewa injin mota zai ƙera irin wanda duniya ba ta taɓa gani ba, mai ruƙiyya zai fara tunanin nemowa. To in a Sabha kake zaune, ka huta, garin ya tanadar maka amsa. A takarda, litar fetur a Libiya dirhami 150 ce, ta fi ruwan roba araha. Rijiyoyin Sharara, waɗanda suka fi ko'ina ba da mai a ƙasar, suna nan yamma da kai, wajen Ubari. Sai dai ɗanyen man bututu yake bi ya yi arewa zuwa Zawiya, tataccen kuma a tanka ake loda shi daga bakin teku, a biyo hanyar da ta haura kilomita 700 kafin ya iso ka. Ranar da tanka ta makara, gidan mai ya ja ƙyaure, sai ka koma wajen 'yan bumburutu, su kuwa jarkarsu ba ta karanta takardar gwamnati. Wanda ya ce maka me ya kai ka, nuna masa layin mai kawai.

In ya ƙi gamsuwa, kafa masa hujja da manya. Marigayi Kanar Gaddafi, wanda ya yi makaranta a nan Sabha har aka kore shi a 1961 saboda zanga-zanga, shi ma cutar nan ta kama shi. A 1999, a bikin cika shekara 30 da juyin mulkinsa, aka yaye zane daga kan wata mota mai tsinin baki gaba da baya, aka raɗa mata suna Rokar Jamahiriyya, aka ce shi ya zana ta, kuma babu motar da ta kai ta tsare ran fasinja. A 2009 aka sake nuna wata, wadda wani kamfanin Italiya ya haɗa a Turin. Har yau babu wanda ya tare ta haya daga unguwar Gurda zuwa Mahdiyya. Abin lura shi ne, duk kuɗin man da ke hannun Kanar, jikin mota kawai ya taɓa, inji kuwa ya bar na kowa da kowa. Kai da za ka taɓa injin, ka riga ka fi shi ƙarfin hali, ko da ya fi ka aljihu.

Yanzu sai zaɓen irin injin. Abokai za su kawo shawara kyauta, ta farko kuma ita ce inji mai aiki da ruwa. Za su nuna maka bidiyo a waya, su rage murya su ce kamfanonin mai ne suka ɓoye sirrin. Ba su shayi, ka sallame su. Ruwa toka ce, abin da ya saura bayan iskar haidirojin ta gama ci da wuta, kuma ba a dafa tuwo da toka. Wutar da za ka kashe wajen raba ruwan ta fi wadda zai mayar maka. Ba'amurken da ya fi kowa suna a wannan harka, Stanley Meyer, kotu a jihar Ohio ta same shi da zamba a 1996, ta ce ya mayar wa masu zuba jari kuɗinsu.

Akwai injin Wankel, wanda ba shi da fistan mai hawa da sauka, sai wani ƙarfe mai kusurwa uku da ke kewayawa a cikin gidansa. Bajamushen da ya ƙago shi, Felix Wankel, bai yi digiri ba, bai ma taɓa mallakar lasisin tuƙi ba, saboda haka yana da daɗin ambato in surukai sun fara maganar takardunka. An fara tayar da injin a 1957 a kamfanin NSU. Bakin kusurwoyin nan uku kuwa saurin cinyewa suke, gyaran motocin da aka sayar ya durƙusar da kamfanin har Volkswagen ta haɗiye shi a 1969. Mazda ta riƙe injin, ta ci tseren Le Mans da shi a 1991, ta daina ƙera motarta RX-8 mai irinsa a 2012. Yana shan fetur, yana haɗawa da baƙin mai. A garin da kake gudun layin mai, wannan ai ƙara wa Barno dawaki ne.

Injin Stirling ya fi kama da na masu haƙuri. Wani limamin coci a Sukotlan, Robert Stirling, ya yi masa rajista a 1816. Ba ya ƙona komai a cikinsa: ka ɗumama gefe guda, ka sanyaya ɗaya, iskar da ke kulle a ciki ta riƙa kumbura tana tsukewa tana tura fistan. Za ka ce ai rana ce jarin yankin nan na Fezzan, ga zafi kyauta. Gaskiya ne. Ina sanyin? Ƙarfin injin daga tazarar da ke tsakanin gefen zafi da na sanyi yake fitowa, a watan Yuli kuwa, da zafi ya haura digiri 40 a inuwa, gefen da ka kira mai sanyi ma ƙwai zai dafa. Hukumar NASA ta gwada shi a mota a shekarun 1980, da injiniyoyinta da kuɗinta, bai shiga kasuwa ba. Yi ƙarami da gwangwanin tumatir, ka ɗora a kan butar shayi, yara su yi ta tafi. Nan ne matsayinsa.

Man gyaɗa ma kada ka soma. An nuna injin dizal yana aiki da shi a baje kolin Paris na 1900, amma lokacin babu wanda ya tambayi matan gida ra'ayinsu. Yana da kauri, yana toshe nozul, kuma galan ɗaya da zai ɓace daga madafa ya isa a kira waliyyai.

Abin da ya rage, wanda kuma na yarda da shi, shi ne gawayi. Wannan ba tatsuniya ba ce. A Yaƙin Duniya na Biyu, da fetur ya yi wuya a Turai, motoci wajen miliyan guda ne suka yi tafiya da hayaƙin itace da gawayi, har yanzu ma ana ganin irin waɗannan manyan motoci a karkarar Koriya ta Arewa. Dabarar ita ce a cika tukunyar ƙarfe da gawayi, a kunna, a hana shi isasshiyar iska. Gawayin da aka shaƙe wa wuya sai ya fitar da wata iska mai cin wuta, a sanyaya ta, a tace ta, a haɗa ta da iskar waje kusan rabi da rabi, a tura ta inda kafireta ke tura fetur. Kayan aikin duk suna wajen 'yan gwangwan: tsohuwar tukunyar gas da aka tabbatar babu ko ɗigo a cikinta, bututun ƙarfe, lagireto ɗaya na sanyayawa, durom na tacewa, sai mai walda wanda ba ya yawan tambaya. Gawayi ya fi ɗanyen itace, domin itace yana fitar da kwalta mai manne bawul. Ƙarfin inji zai ragu, wani lokaci da kashi ɗaya cikin uku, wani lokaci har rabi, kuma sai ka yi fifita na ɗan lokaci kafin mota ta tashi, don haka kada ka yi wa kowa alkawarin kai mai naƙuda asibiti. Matsalar Sabha ɗaya ce: babu daji. Ƙwallon dabino da busasshen reshensa kawai ke akwai a yalwace, gawayin kasuwa kuwa kana takara da duk mai dafa shayi daga unguwar Tayuri har garin Gatrun.

A nan zan ajiye raha na minti ɗaya. Iskar nan da gawayi ke fitarwa ita ce mai kashe mutanen da ke kwana da janareta a ɗaki. Ba ta da wari, ba ta da launi. A fili ake wannan aiki, nesa da taga, nesa da yara.

Wataƙila zuciyarka ta ce gyaran tsohon inji ƙasƙanci ne, kai daga tushe za ka zuba naka. Je ka zauna da masu zubin tukwane, irin waɗanda ke Kano da Maraɗi da Damagaram, ka ga yadda suke narka alminiyam a digiri 660 su zuba a cikin yashi. Su tsohon fistan suke mayarwa tukunya, kai kana so ka mayar da tukunya fistan. Sai ka san cewa alminiyam ɗin fistan da sinadarin silikon a cikinsa, shi ke hana shi kumbura ya cije, na gwangwanin lemo kuwa ba shi da wannan. Ɗigon ruwa ɗaya a cikin mazubi zai watso maka narkakken ƙarfe a fuska. Tazarar da ake bari tsakanin fistan da silinda ba ta kai kaurin gashin kai ba, kuma in inji na juyi 3,000 a minti, fistan ɗin sau 50 yake hawa ya sauka a kowace daƙiƙa. Zarto da "Allah ya sa a dace" ba sa fitar da wannan awo. Sai injin gurza ƙarfe, irin na Panteka a Kaduna, da ma'auni mai karanta ɗaya bisa ɗari na milimita.

Ko ka dace da wannan, saura ƙura. Kowace litar fetur tana buƙatar iska wajen lita 9,000 kafin ta ƙone, iskar Sabha kuwa, in guguwar gibli ta taso daga kudu, rabinta ƙasa ce a ido. Yashin da ya wuce matata ya haɗu da baƙin mai shi ne zai goge maka ringi da silinda cikin ladabi, har inji ya fara hayaƙi. Saka matatar iska biyu, ka ƙara girman lagireto. Kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin mai zafi yake komawa, ya fita ta salansa da lagireto, kuma a nan ba ka da wata iska mai sanyi da za ta taya ka kwashe shi.

Batun gida kuwa, dokarsa gajeriya ce. Ranar da ka ji an ce, "Malam, ba ka ga babbar tukunyar nan ta suna ba?" kada ka ce ba ka gani ba alhali hannunta na leƙowa daga bayan durom. Sayi sabuwa kafin magariba. Kada ka wanke noti a kwanon miya, kada ka ce "saura kaɗan" fiye da sau ɗaya a wata.

Ranar gwaji, zaɓi bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, kafin 'yan kallo su farka. Tanadi bokitin yashi, wanda shi kaɗai ne kayan aikin da ba za ka saya ba, da samari huɗu masu turi. Kada ka doshi shingen bincike. Mota mai tukunyar ƙarfe a baya, bututu na fita ta ko'ina, hayaƙi na tashi, ba abin da mai bindiga a Sabha zai tsaya jin bayanin kimiyyarsa ba ne. Kewaya unguwa ya isa.

In kana neman wanda za ka yi koyi da shi, duba Kano. A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a cikin wata takwas da tarkacen motoci da babura. Kujerun na Toyota ne, injin na Honda Civic mai ƙarfin doki 133, kuma jirgin ya ɗaga har ƙafa bakwai daga ƙasa. Mutumin da ya yi niyyar tashi sama ma bai ɓata lokacinsa wajen zuba fistan ba, ya ɗauki wanda Japanawa suka riga suka auna, ya sa basirarsa a sauran. Kai ma nemi tsohon injin janareta ko na babur, ka koya masa cin gawayi, in ya yi wata guda bai buga ba sai ka matsa zuwa mota. Motar da ke kai yara makaranta kuwa, ko sifana kada ka nuna mata.