Gugar Sarƙa da Ire-iren Masu Ita

Gugar sarƙa na cikin cututtukan da suka fi kai keke mai giya wurin mai gyara a Kazaure da Roni da Gwiwa har zuwa Babura. Irin wannan keke mai kaurin taya an fara ƙera shi ne a Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1970 domin hawan duwatsu. Nan kuwa galibi na hannu yake isowa ta Kano, kuma ya ƙara samun masoya tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023.

A wurin feda akwai faranti uku masu haƙora, a tayar baya shida ko bakwai, shi ya sa ake cewa giya 18 ko 21. Saman farantan gaba akwai ƙarfe mai kumatu biyu, sarƙa na bi ta tsakaninsu. Waya ce ke jan sa daga kan keke, shi kuma ya tura sarƙa daga wannan faranti zuwa wancan. Ƙananan kusoshi biyu ke yi masa iyaka: mai harafin L ta ciki, mai harafin H ta waje. Tazarar da ake so tsakanin sarƙa da kumatun ba ta kai milimita ɗaya ba. Da ta ɓace sai a ji ƙyar-ƙyar-ƙyar. Kukan iri ɗaya ne, masu shi ne suka bambanta.

Mai Murɗa Kusa. Ba ya rabuwa da sukudireba, kuma a wurinsa duk kusar da ke da sauran murɗawa sakacin kamfani ce. Da ya ji kuka sai ya ɗaure L da H tamau, sarƙa ta kasa sauka ƙaramin faranti, ta kasa hawa babba, keke mai faranti uku ya koma mai ɗaya. Washegari ya kwance su gaba ɗaya, sarƙa ta zube ta maƙale a jikin keke. Yakan iso wurin gyara yana turawa, hannu baƙi ƙirin, yana cewa, "Wallahi Oga ban taɓa komai ba." Kan kusoshin da ya cinye ne ke ƙaryata shi.

Mai Baƙin Mai. Maganinsa ɗaya ne ga kowace cuta: man da aka juye daga babur ko injin ban ruwa. Yakan kwarara shi har ya ɗiga ƙasa. Kuka ya lafa na ɗan lokaci, sannan ƙurar hunturu da rairayin hanyoyin Babura su manne da man, su shiga cin haƙoran faranti da ƙarfen sauya giya a hankali. Ana gane shi da ƙafar wandonsa ta dama, wadda ba sabulun da ya taɓa cin galabarta.

Mai Giciye. An fi ganin sa da jakar goyo a hanyar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu. Hujjarsa ita ce kuɗin giya 21 ya biya, don haka sai ya mori kowace. Yakan ɗora sarƙa a babban farantin gaba da babban na baya, ko ƙarami da ƙarami, sai ta karkace ta goga kumatun ƙarfe. Kekensa lafiya lau yake. Idan aka gaya masa haka sai ya ciro waya ya nuna bidiyon wani Bature, wanda shi ma abin da yake faɗa ke nan da za a saurare shi zuwa ƙarshe.

Mai Kaya. Ya kai keke wurin mai walda an liƙa masa kariya, ya ɗora buhun gero biyu da akuya, ya nufi kasuwa daga wani ƙauyen Gwiwa. Ba ya tuna giya sai ya kai tsakiyar hawa a tuddan Roni, sannan ya miƙe tsaye a kan feda ya danna ta da iyakar ƙarfinsa. Ƙa'ida kuwa a sauya kafin hawa, a sassauta ƙafa lokacin sauyawar. Kukan kekensa na da alama: sau ɗaya a kowane zagayen feda, shaidar faranti ya lanƙwashe ko boris ɗin feda ya yi sako-sako. Murɗa kusa ba ya maganin wannan.

Mai Aro. "Yaya, ara mini in je nan kusa in dawo." Sai bayan isha zai jingine keken a zaure ya sulale. Da safe a tarar da ƙarfen sauya giya ya karkace, ga sabon ƙarzo a gefen dama. Amsarsa ba ta canzawa: "Haka na same shi." Ba ya zuwa wurin gyara, amma yana cikin waɗanda suka fi kawo wa masu gyara ciniki.

Mai Kunnen Ƙashi. Kowa a unguwa na jin kukan ban da shi. In an yi magana ya ce, "Haka yake daga kamfani." Bai da buƙatar ƙararrawa, kaji kan watse tun yana nesa, uwargida kuma ta san lokacin zuba tuwo. Yakan ci gaba da haka har sarƙa ta ci rami a kumatun ƙarfen, gyaran kusa ya zama sayen sabo.

Dattijon Benci. Ba shi da keke mai giya, amma ba a yin gyara babu shi. Nasa tsohon Raleigh ne ko Phoenix, giya ɗaya, birkin ƙarfe, sarƙa rufe cikin gidanta. "Yaro, keke mai wayoyi haka ai rediyo ne, dole ya yi kuka." Yana da rabin gaskiya, domin sarƙar da ke rufe ba ta shan ƙura. Idan ya iso tudu sai ya sauka ya tura, ya ce ƙafa yake miƙewa.

Masu gyara kuwa iri uku ne. Na farko Mai Filaya, wanda ke buɗa kumatun ƙarfe da ƙarfi har sarƙa ta daina taɓa su. Kuka ya tafi, sauya giya ma ta bi shi. Na biyu Mai Gajeren Hukunci. Yakan girgiza kai ya ce, "Alhaji, wannan tarkacen na ƙasar Turai ne." Ya cire ƙarfen da wayarsa, ya rage tsawon sarƙa, ya mayar da keke giya ɗaya. Abin da ya cire yakan faɗa cikin akwatinsa, bayan mako guda a gan shi a jikin keken wani.

Na uku shi ne Mai Haƙuri, kuma aikinsa bisa tsari yake. Yakan rataye keke a reshen darbejiya, ya wanke sarƙa da kalanzir da tsumma, ya juya feda ya duba ko faranti a miƙe yake. Sai ya daidaita ƙarfen ya zama milimita 1 zuwa 3 sama da haƙoran babban faranti, kumatunsa a layi ɗaya da farantan. Ya sa sarƙa a ƙaramin gaba da babban baya, ya murɗa L har sarƙar ta kusa taɓa kumatun ciki. Ya ja waya ya ɗaure. Ya koma babban gaba da ƙaramin baya, ya yi wa H haka ta waje. Farantin tsakiya kuwa da tsaurin waya ake daidaita shi, da ɗan mamurɗin da ke kan keke. Kowace murɗawa rubu'in zagaye ce, sai an gwada a ƙara. A ƙarshe ya ɗiga mai mara kauri, ya goge rarar.

Wannan aiki kan warkar da yawancin kekuna, in faranti da boris na da lafiya. Keken Mai Giciye ne kawai ke dawowa da kukansa, shi kuma ana karɓar kuɗinsa a sake yi masa bayani.