Watandar Gida: Yadda Magidancin Lolo Zai Kai Iyalinsa Shan Sanyi

Duk wanda ya taɓa shiga watanda ana gobe Sallah ya riga ya haddace rabin wannan darasi. Mutum goma ko ashirin su haɗa kuɗi, a sayi sa, a yanka, a kasa, kowa ya ɗauki kasonsa ya nufi gida. To, Turawa ma suna watanda, sai dai su gida suke saye, kuma kwanakinsa suke kasawa. Shekara sati 52 ce. A ware ɗaya ko biyu domin shara da gyara, sauran a sayar, kowa da satinsa. Ranar da naka ya zo kai ne maigida, ranar da ya ƙare ka miƙa makulli.

A Turai abin ya fara. An kafa kamfanin Hapimag a Suwizalan a 1963, kuma a cikin shekarun 1960 ɗin aka sayar da irin wannan kaso a SuperDévoluy, wani wurin wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara a tsaunukan Alps na Faransa. Da mutane suka gaji da komawa ɗaki guda kowace shekara, sai kasuwar musaya ta buɗe a Amurka: RCI a 1974, Interval International a 1976. Ka ajiye satinka a wurinsu, su nemo maka satin wani a wata ƙasa.

Yanzu kuwa waya ta kawo tsaunukan nan har tsakar gida a Lolo, garin da ke bakin kogin Kwara a kan iyakar Benin. Rana ta take a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, yara na kallon 'ya'yan wasu suna sulalowa daga farin dutse, sai autan gida ya ɗago kai ya ce, "Baba, mu yaushe za ka kai mu?" Maigida, kada ka ce masa Allah ya kai mu ka juya baya. Ga yadda ake yi.

1. Ƙirga iyali kafin ka ƙirga kuɗi

Kowane masauki yana da adadin mutanen da aka yarje masa: huɗu, shida ko takwas. Abin da aka rubuta shi ne doka, ba a shimfiɗa tabarma a falo a ƙara biyar. Saboda haka zauna da biro. Uwargida da amarya da yara. Ɗan riƙo. Iya, wadda ba a isa a bar ta ba. Ƙanwar uwargida da ta zo kwana biyu tun Sallar bara. Sai Kawu, wanda da zarar ya ji ƙamshin tafiya za ka tarar da jakarsa a zaure.

Nemi mai ɗakin kwana biyu da madafa, domin shi ya fi ɗaukar jama'a, shi ne kuma ya fi daraja ranar musaya. Idan gidan na mata biyu ne, akwai kason da ake shiga shekara bayan shekara, wannan ta tafi bana, waccan baɗi. Wa za ta fara? A yi ƙuri'a a gaban kowa. Haka Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi tsakanin iyalansa idan tafiya ta kama, kuma har yau babu dabarar da ta fi ta kashe gardama.

2. Sayi abin da wani zai so

Nan ne yawancin masu saye ke tuntuɓe. Suna duba abin da ya yi musu araha, su manta ba don su zauna a ciki suka saya ba, don su miƙa wa wani ne. An daɗe ana raba satuttukan shekara gida uku: ja, fari da shuɗi. Ja shi ne wanda kowa ke rububi, shuɗi kuwa lokacin da wurin ya zama kufai. Satuttukan zamiya, daga ƙarshen Disamba zuwa Fabrairu, suna cikin waɗanda aka fi nema a duniya. Mai kason ƙashi ba ya zuwa ya ce a ba shi tsoka.

Kason ma iri-iri ne. Akwai tsayayyen sati, wanda ba ya motsi kowace shekara. Akwai mai yawo, wanda kai za ka zaɓi ranarsa cikin wasu watanni, in wani bai riga ka ba. Akwai kuma na maki, inda ake ba ka maki kowace shekara ka kashe inda kake so. Mai 'yan makaranta ya fi samun kwanciyar hankali da tsayayyen jan sati. Ka ajiye shi da wuri, ka nemi musaya tun da shekara guda a gaba, domin mai sammako shi ke samun ɗakin da ke gindin dutse. Wanda ya makara sai ya riƙa ɗora yara a mota kowace safiya da kayan zamiya a kafaɗa.

3. Haɗa kalanda uku wuri guda

Kalandar ƙanƙara, kalandar makaranta da kalandar gona: in ɗaya ta ƙi, tafiya ta fasu. A Alps ana zamiya daga Disamba zuwa Afrilu. A nan Afirka akwai Oukaïmeden a Maroko, kudu da Marrakesh, a tsayin mita 2,600, inda ake sa ran ƙanƙara tsakanin Janairu da Maris, ko da yake wata shekarar takan yi rowa. Akwai kuma Afriski a Lesotho, sama da mita 3,000, wanda sanyinsa ke kamawa daga Yuni zuwa Agusta. Ka fara tambaya ko wurin da ka ƙyalla ido yana cikin jerin kamfanin musayar kafin ka yi wa yara alkawari.

Lesotho ta dace da dogon hutun makaranta, amma a Agusta shinkafa na fadama, Kwara na cikowa, kuma manomin da ya bar gona a wannan wata ya san abin da zai tarar. Disamba ta fi: an yi girbi, aljihu ya yi nauyi, yara na hutu. Sai dai duk duniya ma ta san da haka, shi ya sa satin ya fi kowanne tsada.

4. Saurari kuɗin da ake faɗa ƙasa-ƙasa

Mai talla zai tarbe ka da lemo da murmushi, ya ce rangwamen na yau ne kaɗai. Sha lemon, ka yi godiya, ka tambayi kuɗin kula da gida. Ana biyansa kowace shekara, ka je ko ba ka je ba, kuma hawa yake yi. Bayan shi akwai kuɗin zama ɗan ƙungiyar musaya, da kuɗin kowace musaya, da bizar Shengen idan Faransa ko Suwizalan ce, da jirgi, da tikitin kujerar da ke hawa da mutane dutse, da hayar kayan zamiya, da ladan mai koyarwa, da inshora.

A nan mutumin Lolo ya fi na Kano sa'a, domin shi kullum da naira da sefa yake kwana. Sefa a ɗaure take da yuro: yuro ɗaya sefa 656 ce, in an cike ƙwaya. Duk abin da aka faɗa maka da yuro, juya shi zuwa sefa, ka tambayi ɗan canjin kasuwa nawa ne yau, sannan ka mayar da shi buhunan shinkafa. Idan ka ji jiri, zauna tukuna.

Ka sani kuma kason nan ba fili ba ne. Ranar sayarwa farashinsa faɗuwa yake yi warwas, wasu ma kyauta suke neman mai karɓa. Wata yarjejeniyar ba ta da ranar ƙarewa, sai magada su gaji kuɗin shekara tare da gonaki. Kada ka ci bashi mai ruwa domin hutu. Kai takardar wurin lauya ya karanta, ka kai wa malam ya duba halaccinta. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ba mai saye kwana 14 ya fasa ba tare da ya faɗi dalili ba, ta kuma hana a karɓi kuɗinsa kafin wa'adin ya cika. Wanda ya matsa maka ka biya nan take, ya gaya maka ko shi wane ne.

5. Shirya jiki da ciki

Babbar riga ta yi kyau a hoto, amma iska na shiga ta hannu ta fita ta wuya, ga shi tana harɗe ƙafa. A tanadi rigunan sanyi hawa-hawa, safar hannu, tabarau da hular kwano ga kowa. Tambayi ruwan zafi tun kafin ka tambayi talabijin, domin alwalar asuba a can jarrabawa ce. A Disamba rana na faɗuwa a Alps wajen ƙarfe biyar, azahar da la'asar da magariba suna bin juna a guje, sai a tsara wasa a tsakaninsu.

Uwargida ta ƙulla garin tuwo, kuka, daddawa da yaji. Kilishi da man shanu kuwa a cinye su a gida, domin Turai ba ta barin matafiyi ya shigo da nama ko kayan madara daga waje. Ranar farko kowa ya shiga ajin koyo, har da kai, Maigida. Gangaren yara ba ya rage girma. Karya ƙafa a gaban surukai shi ke rage shi.

6. In lissafi ya ƙi, yi watandar gida

Yawancinmu a mataki na huɗu za mu ajiye biro, kuma babu abin kunya a ciki. Abin da yara ke nema sanyi ne da tsauni da tafiya tare da iyayensu, kuma duk muna da su ba tare da biza ba. Jos na zaune a tsayin mita 1,200, ga duwatsun Shere, ga sanyin Disamba mai sa haƙora kaɗawa. Tsaunin Mambila a Taraba ya kai mita 1,600, da garin Gembu da gonakin shayi na Kakara, kuma a wannan yanki ne Chappal Waddi yake, dutse mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419. Babu dusar ƙanƙara, amma akwai hazo da ciyawa shar da shanu a kan tudu, abin da ɗan bakin Kwara zai yi shekara yana ba da labari.

Musayar masauki kuwa ba baƙuwarmu ba ce. Fataken goro da suka riƙa ƙetare Kwara a wajen Illo, su bi ta Zugu, wato Djougou ta yau, har Salaga a ƙasar Gwanja, da mai masauki suka dogara a kowane zango. Nemi ɗan'uwa ko aminin kasuwanci a Jos ko Gembu. Ku ba su sati, su ba ku sati.

7. San darajar abin da ke hannunka

Kada ka shiga ciniki kana sunkuyar da kai. Kai ne mai gida a ƙofar da Kwara ke shigowa Najeriya. Kana da giwan ruwa da tarwaɗa da ƙarfasa waɗanda ba su taɓa ganin firji ba, da sabuwar shinkafa, da kasuwar da ake ciniki da Dendi da Zabarmanci da Hausa da Fillanci. Baƙonka zai karya kumallo a Najeriya, ya leƙa Madekali ko kasuwar Malanville a Jamhuriyar Benin, ya dawo ya ci tuwon dare. Shekarar da aka yi bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016, sai ka ƙara masa da wannan.

Jan satinka shi ne Disamba da Janairu: hunturu ya sauka, rumbu ya cika, kogi na da ruwa. Wanda ya ba mutumin Jos satin Afrilu ya yanke zumunci da hannunsa. Satumba ma a bar ta, saboda ambaliya da laka da sauro. Ka ɗaura gidan sauro a kowane gado. Duk wanda zai shiga kwale-kwale, babba ko yaro, ya sa rigar kariya, kada a yi lodi fiye da kima, kada a yi tafiyar dare. Mai ƙetare iyaka ya riƙe takardunsa, a kuma tambayi lafiyar hanya kafin a tashi.

8. A rubuta, a sa shaida

Zumunci ya fi daɗewa idan akwai takarda a bayansa. A rubuta ranar shiga da ranar fita, da adadin mutane da sunayensu, don kada takwas su zama sha tara a tasha. A rubuta wanda zai sayi man janareta, da ɗakin da zai zauna a kulle, da mai ba awaki dusa, da abin da za a yi in yaro ya fasa tulu. Dattijo ɗaya daga kowane ɓangare ya shaida. Ranar tafiya a share gida fiye da yadda aka same shi, a bar ɗan abin alheri a madafa: ku ku bar musu busasshen kifi, su su bar muku dankalin Turawa.

Sati guda ya isa gwaji. In ya yi daɗi a maimaita baɗi, in an ga gyara a gyara. Ɗauki waya yau ka kira ɗan'uwan nan na Jos, tun kafin wani maƙwabci ya ji labari ya riga ka kama satin Disamba.